Kaɗin Zare da Saƙar Safa: Bayani ga Ƙungiyoyin Matan Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Kowace shekara idan hunturu ya kama, wato daga watan Disamba zuwa Fabrairu, kasuwannin ƙauyukanmu kan cika da dilolin safa da huluna da rigunan sanyi, wasu sababbi daga ƙasar Sin, wasu kuwa na gwanjo. A daidai wannan lokaci ne kuma manoma ke kammala cirar auduga, ana awo ana loda wa motoci zuwa masana'antun gurza. Auduga na fita daga ƙauye a mota guda, safa na shigowa a wata, kuma daga cikin ladan aikin da ke tsakanin biyun babu ko kwabo da ke tsayawa a hannun matan ƙauyen. An shirya wannan bayani ne domin ƙungiyoyin mata da ke neman sana'ar da za a yi a cikin gida, da kuma jami'an raya karkara da masu riƙe da sarautun gargajiya waɗanda ake kai wa buƙatun irin waɗannan ƙungiyoyi, domin kowa ya san yadda aikin yake, da abin da yake ci, da kuma iyakar abin da zai iya samarwa.

Sana'ar da muka gada

Kaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne cinikin tufafin auduga da aka saƙa aka rina a ƙasar, waɗanda fatake ke kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Kowane ƙyalle daga cikinsu, tun daga fari da saƙi da gwado har zuwa baƙin rawanin Kura da Buzaye ke naɗawa, da zaren da mata suka kaɗa da mazari aka yi shi. Maza ke saƙa a masaƙa, su ke rini a karofi, amma mace ce ke fara aikin a tsakar gida, kuma da kuɗin zaren take yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Da Turawa suka zo, Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta sa rai cewa Arewa za ta ciyar da masaƙun Ingila da auduga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma a shekarun farko abin bai tafi yadda suka so ba, domin masu kaɗi da masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, manoman Kano kuma suka raja'a ga gyaɗa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin da sana'ar take da shi a wancan zamani. Abin da ya raunana ta daga baya shi ne zaren inji mai araha da yadin kanti. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, mazari ya koma ƙarƙashin gado. Daga bisani su ma manyan masaƙun suka durƙushe: ta Kakuri ta tsaya a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta rufe ƙofa a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida.

A yau, a yawancin ƙauyuka, waɗanda suka iya kaɗi sosai tsofaffi ne. Ni kaina na tashi ina ganin kakata da taskira a gabanta da alli a yatsu, amma a cikin jikokinta mata babu wadda ta ɗauki sana'ar. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannu yake, kuma duk tsohuwar da ta rasu ba ta koyar ba, ta tafi da shi.

Ita saƙar safa da allurai ba ta cikin sana'o'inmu na asali, ta makarantun mata da cibiyoyin koyar da sana'a ta shigo mana. Sai dai haɗa ta da auduga ba sabon abu ba ne a duniya. Safa mafi daɗewa da aka samu wadda aka saƙa da allurai, a ƙasar Masar aka tono ta, an yi ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14, kuma da zaren auduga fari da shuɗi aka saƙa ta, launuka biyun da marinanmu suka fi kowa sani.

Dalilin dogara ga auduga

A ƙasashen Turai da Amurka, ƙungiyoyin masu kaɗi da saƙa da gashin tumaki suke aiki, wato ulu. Wasu jami'ai da suka ga haka a hoto kan tambaya ko me ya hana mu yin amfani da tumakinmu. Amsar ita ce, tumakinmu na Yankasa da Uda da Balami gashi gare su gajere mai tauri, ba irin mai laushi mai lanƙwasa da ke kaɗuwa ba, saboda haka babu amfanin kashe kuɗi wajen sayen almakashin sausayar tumaki. Haka kuma ya kamata jama'a su sani cewa mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan zaren ulu ba ulu ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Yana da araha da launuka masu kyau, ya kuma dace da koyo, amma ba ya shan gumi, yana saurin yin ƙuraje a dunduniya, kuma idan ya kusanci wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Ga jama'ar da ke jin ɗumi a bakin murhu ko kasko, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Auduga tana shan gumi, tana jure wanki da tafasa, ba ta sa ƙaiƙayi. Aibinta biyu ne: ba ta kai ulu riƙe ɗumi ba, kuma ba ta miƙewa ta koma, don haka safar auduga kan saki ta zube a idon sawu in ba a yi mata dabara ba. Za a zo ga dabarar a gaba.

Daga gona zuwa mazari

Ingancin zare tun daga gona yake farawa. A zaɓi audugar cirar farko, wadda ta buɗe sosai ta bushe, fara tas, marar ganye da ƙasa. Kada a zuba ta a buhun leda, irin na taki ko na shinkafa, domin zaruruwan buhun kan shige cikinta, ba su ganuwa, ba su kama rini, kuma sukan tsinka zare a kan mazari. Wannan matsala ta daɗe tana rage darajar audugar Najeriya har a wajen manyan masu saye. Kwando ko tsohon zanen auduga ya fi. Ire-iren SAMCOT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar suna kaɗuwa da kyau, kuma malamin gona zai iya faɗa wa ƙungiya wanda ake shukawa a yankinta.

Idan aka gurje auduga aka fitar da angurya, abin da ke saura bai wuce kashi ɗaya bisa uku na nauyin farko ba, ko ɗan sama da haka. Ma'ana, kilo 1 na auduga mai ƙwaya zai ba da kimanin giram 350 na tsantsar auduga, wanda bayan an cire asarar shiɓa zai kai ga safar manya ƙafa biyu-biyu har sau uku, ko ta jarirai masu yawa. Gurza a gida da dutse mai santsi da siririn ƙarfe ake yin ta, ana murza ƙarfen a kan audugar yana tura ƙwayar gaba. Aiki ne mai cin lokaci, amma ya fi inji tausaya wa silin auduga. Ƙungiyar da ke kusa da masana'antar gurza tana iya sayen gurzajjiya ta huta. Angurya kuwa ba abin zubarwa ba ce, masu kiwo na saye.

Bayan gurza sai shiɓa. Ana kaɗa tsirkiyar bakan shiɓa a cikin audugar har ta warware ta tashi kamar kumfa, datti ya zube. A yi wannan a fili ko a rumfa mai iska, a kuma rufe hanci da ƙyalle, domin ƙurar auduga tana tayar da tari, musamman ga mai asma. Daga nan a naɗe ta sutu-sutu.

Silin auduga gajere ne, da ƙyar yake wuce santimita 3, don haka sai an murɗa shi sosai kafin ya riƙe juna. Wannan ne ya sa mazarinmu yake da sauƙin nauyi, kuma ba a barinsa yana lilo a iska kamar na masu ulu. Ana dasa gindinsa ne a cikin taskira ko 'yar tasa ko a kan fata, gululun yumɓu da ke ƙasa yana taimaka masa ya daɗe yana juyawa. Hannun hagu na riƙe da sutu yana ja a hankali, na dama na murza mazari, alli kuma na hana yatsu santsi. Idan murɗi ya yi kaɗan zare ya zame ya rabu, idan ya yi yawa ya ƙudundune ya tsinke. Babu bayanin da zai koya wa mutum tsakiyar nan sai zama kusa da wadda ta iya. Makonnin farko zare zai fito da kauri a nan siranta a can, kada a zubar, yana yin tsumman goge-goge da lagwani.

Masu kaɗi na gargajiya sun san zare iri biyu: siriri mai ƙarfi da masaƙi ke yin wadari da shi, da kuma abawa mai kauri da taushi. Safa ba ta son abawa, domin tana saurin cinyewa a tafin ƙafa. Siririn take so, amma ba sili ɗaya ba.

Tufka da dafa zare

Nan ne aikin zaren safa ya sha bamban da na zaren masaƙa. Zare sili ɗaya idan aka saƙa shi da allurai, saƙar karkacewa take yi gefe guda saboda murɗin da ke cikinsa. Maganin haka shi ne a haɗa sili uku a tufke su, ana juya mazari zuwa ɓangaren da ya saɓa wa na kaɗi. In da dama aka kaɗa, da hagu za a tufke. Murɗin biyu sai su kashe juna, zaren ya kwanta, ya yi zagaye, ya yi ƙarfi. Saboda haka wajibi ne dukkan masu kaɗi a ƙungiya ɗaya su yarda a kan ɓangare guda, in ba haka ba ranar tufka silin wata zai ƙara ɗaurewa na wata yana kwancewa, a yi tufka da warwara ta zahiri. A kula da bahaguwa musamman.

Ya kamata a fahimci yawan aikin tun yanzu. Safar babban mutum ƙafa biyu tana cin abin da ya kai mita 300 zuwa 350 na tufkakken zare. Tunda sili uku ne, sai an kaɗa kusan kilomita guda na siririn zare kafin a ɗauki allura. Duk jami'in da zai tsara wa ƙungiya yawan abin da za ta fitar a wata, ya riƙe wannan lissafi a ransa.

Domin zaren mata goma ya zama kamar na mace ɗaya, a samu ma'auni. A naɗa tufkakken zare a jikin fensir, zagaye kusa da zagaye ba tare da matsawa ba. Wanda ya dace da safa yakan ba da zagaye 6 zuwa 7 a santimita guda. A yanki guntun wanda aka amince da shi a ɗaura a kwali, kowace mai kaɗi ta tafi da nata gida tana gwadawa.

Bayan tufka a naɗe zaren a ƙafafun kujera ko na kifaffen turmi ya zama babban zobe, a ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu don kada ya harɗe, sannan a tafasa shi da sabulu da 'yar kanwa ko ruwan toka na rabin awa zuwa awa guda. Ruwan zai fito ruwan ƙasa-ƙasa, wannan shi ne maiƙon da ke jikin auduga tun daga gona. Tafasawar tana zaunar da murɗi, tana sa zaren shan ruwa da rini, kuma in zai tsuke a nan zai tsuke, ba bayan mai saye ya wanke safarsa ba. Wanda ke son launi ya kai wa marina a tsoma a baba, kamar yadda har yanzu ake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano da wasu garuruwa. A ɗauraye har sai ruwa ya fito garau. Na jarirai dai a bar shi fari.

Yadda ake saƙa safa

Ana saƙa safa ne a zagaye kamar bututu, ba ɗinki, da gajerun allurai huɗu ko biyar masu tsini a baki biyu, masu kaurin milimita 2.5 ko kusa da haka. In ba a same su a kasuwa ba, maƙeri na iya yankan silin wilin keke ya fiƙe ya goge, ko a fere gora a shafe ta da yashi mai laushi. Kwarashi yana yin takalmin jariri da kyau, amma saƙarsa tana da kauri da ƙulle-ƙulle, ba ta daɗin takawa a cikin takalmi. A wannan bayani, kowane zagayen zare da ke rataye a kan allura za mu kira shi ido.

Kada a fara da ƙirgen da aka ji a bakin wata. A saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a wanke, a auna ido nawa ke shiga santimita guda. Sannan a auna kewayen ƙafa a inda ta fi faɗi, a rage kashi ɗaya bisa goma domin safa ta kama. Misali, ƙafa mai kewayen santimita 22 za a ɗauke ta a matsayin 20; idan gwaji ya nuna ido 3 a santimita, za a fara da ido 60. Ga sabon haihuwa, ido 28 da irin wannan zare yakan isa.

Daga sama ake farawa. Ana yin ido biyu saƙar gaba, ido biyu saƙar baya, ana maimaitawa, wanda ke fitar da layuka masu tudu da kwari da ke buɗewa su koma. Masu ulu a bakin safa kawai suke yin wannan, amma mai auduga ta yi shi tun daga sama har idon sawu, ta kuma ci gaba da shi a bayan ƙafa. Daɗin daɗawa, ta haɗa siririn zaren roba irin na teloli da zarenta a layuka goma na farko. Wannan ita ce dabarar da ke hana safar auduga zubewa.

Dunduniya ita ce wurin da masu koyo ke gudu, alhali ƙirge ne kawai. A raba ido 60 gida biyu. A bar 30 na saman ƙafa su huta a kan allura. Sauran 30 a saƙa su gaba da baya kimanin layi 30, ana tsallake idon farko na kowane layi ba tare da an saƙa shi ba, sai a sami ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu da ya rufe bayan dunduniya, gefunansa da sarƙa mai ƙwaya 15 kowanne. Daga nan a raba 30 ɗin gida uku, goma-goma. Goma na tsakiya kaɗai za a ci gaba da saƙawa, amma duk lokacin da aka kai ƙarshensu sai a haɗa idon ƙarshe da ido ɗaya daga goman gefe a saƙa su tare, a juya. Haka za a yi ta yi har goman dama da na hagu su ƙare. Saƙar da kanta za ta lanƙwashe ta yi ƙoƙo, wato mazaunin dunduniya. Sai a tsinci ido 15 daga sarƙar kowane gefe, a haɗa da 10 da suka rage da 30 da aka ajiye, jimla 70, a koma zagaye. A riƙa rage ido ɗaya a kowane gefe bayan kowane zagaye biyu, sau biyar, har a dawo 60. Tunda dunduniya ce ke fara hujewa, yana da kyau a haɗa zaren ɗinki mai ƙarfi da na audugar a wannan wuri.

Tafin ƙafa ba shi da wuya, a yi ta zagaye har saƙar ta rufe ƙaramin yatsa. Daga nan a rage ido 4 bayan kowane zagaye biyu, biyu a dama biyu a hagu, har su koma 20, a ɗinke bakin a shimfiɗe ba tare da ƙulli ba. A rubuta yawan layukan da aka yi a kowane mataki, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙafa ta biyu ta fito ba daidai da ta farko ba.

Safar jarirai da ta marasa lafiya

A nan ne sana'ar ta haɗu da kiwon lafiya. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jiki, kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan zafin jikinsa ya sauka ƙasa da 36.5 a ma'aunin Salshiyas ya shiga haɗari. Abin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. A tsarin renon da ake kira na kangaru, ana ɗora irin wannan jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata, ba a sa masa komai sai ƙunzugu da hula da safa. Ungozomomi da ma'aikatan asibitocin karkara sun san sau nawa uwa ke zuwa haihuwa da sanyin asuba ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a bar silin zare yana lilo a cikin safar jariri, domin yana iya naɗe yatsa ya hana jini gudu ba tare da uwa ta lura ba. A juya safar a duba kafin a sayar. Kada kuma a ɗaure bakinta da igiya mai matsewa. Haka nan masu ciwon sukari, waɗanda ƙaramin rauni a ƙafa kan zame musu gyambo, suna amfana da safa marar ɗinki, marar matsi, kuma fara, domin in ƙafa ta ji ciwo a ga alama a jikinta da wuri.

Batun kasuwa

Gaskiya ɗaya ce, kuma gara a faɗe ta tun kafin a tara mata a yi musu alkawari: safar hannu ba za ta yi gogayya da ta inji a farashi ba. Tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, kuma injunan yau suna fitar da ƙafa guda cikin 'yan mintoci, alhali mace za ta shafe kwanaki tana yin ƙafa biyu a tsakanin girki da reno, ban da kwanakin kaɗi. Ƙungiyar da ta sa gaba wajen yi wa 'yan makaranta farar safa za ta ci bashi.

A ganina, ƙofofin da ke buɗe ƙanana ne amma na gaske. Akwai kayan jarirai, hula da safa da ɗan mayafi a haɗe, waɗanda ba su cin zare da yawa, suna saurin kammaluwa, ana kuma sayensu don barka da suna duk shekara. Akwai masu ƙafar da ba ta samun daidai a kasuwa, da tsofaffi masu fama da faso. Akwai kuma sayar da zaren kansa ga masaƙan gargajiya da masu ɗinkin hannu, waɗanda ke neman kaɗin hannu saboda masu sayen da ke biyan kuɗi a kan aikin asali, a bajekolin Kaduna da na Kano da kuma ta WhatsApp da Facebook. Sau da yawa zaren zai fi safar kawo kuɗi, kuma babu laifi ƙungiya ta koyi saƙa da zaren kanti yayin da masu kaɗinta ke sayar da nasu daban. Wajen yanke farashi a lissafa auduga da sabulu da itace da rini, sannan a lissafa awannin aiki, domin mata sun saba mantawa da ladan hannunsu.

Tsarin ƙungiya da aikin jami'ai

Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 ta tanadi cewa mutum goma na iya kafa ƙungiya su yi rajista a ofishin gama-kai na jiha, kuma da takardar rajista ne ake buɗe asusun banki a nemi tallafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba dole ne kowa ta iya komai ba. Tsofaffi su riƙe kaɗi da koyarwa, masu ƙarfi su yi gurza da shiɓa, 'yan mata da suka yi makaranta su riƙe allurai da littafin lissafi. Matan da ke cikin kulle suna iya karɓar auduga a kan awo su mayar da zare a kan awo, ba sai sun fita ba. Don haka sikeli ƙarami mai nuna giram yana cikin kayan farko da za a saya, shi ne ke hana zargi a tsakanin 'yan ƙungiya. A kuma biya tsohuwar da ke koyarwa kamar yadda ake biyan duk wani malami. Kiranta a ɗauki hoto a sallame ta da goro bai dace ba.

Tun shirin inganta rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida a 1987, da shirin tallafa wa iyali da ya biyo baya a 1994, aka gina cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi da dama, kuma yawancin gine-ginen suna nan. Na taɓa ziyartar wata irin wannan cibiya na tarar da injunan saƙa a cikin kwalayensu, allurai sun yi tsatsa, domin an sayo su ba tare da an tanadi mai koyarwa ko mai gyara ba. Ko da suna aiki, irin waɗannan injuna zaren kamfani mai kauri ɗaya suke so, kaɗin hannu karya musu allura yake yi. Kuɗin inji ɗaya zai wadata ƙungiya guda da mazarai da allurai da sikeli da audugar shekara. Idan ana son ƙara sauri a kaɗi, abin da ya fi dacewa shi ne keken kaɗi na hannu irin na Indiya da ake kira carka, wanda Mahatma Gandhi ya yayata tun shekarun 1920. Don auduga aka yi shi, kuma kafinta da mai gyaran keke za su iya haɗa irinsa da tsohon wili.

Lokaci ma abin tsarawa ne. A sayi auduga a watan Nuwamba ko Disamba tana da araha, a adana a busasshen wuri nesa da wuta da ɓera. A yi gurza da kaɗi a rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a kuma yi tafasa da rini kafin ruwa ya sauka domin zare ya bushe da wuri. Saƙa ta ci gaba a damina, yadda kaya za su kasance a shirye a watan Oktoba. Wannan na nufin ƙungiyar da ta fara a bana sai hunturun baɗi za ta ga cinikin kirki, don haka duk tallafin da ƙaramar hukuma za ta bayar ya zama na shekara cikakkiya, ba na bitar mako biyu ba.

Ana roƙon dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen rubuta sunayen matan da suka iya kaɗi a yankunansu, da masaƙa da marina da suka rage, su miƙa ga sashen ci gaban mata na sakatariyar ƙaramar hukumarsu, tare da bayanin ko akwai manoman auduga a kusa da kuma ranar da kasuwar garin ke ci.